Nazarin ƙafafun wata tsohuwar Corolla da ke yawo a kan hanyar Daura

Motar da wannan nazari ya shafa Toyota Corolla ce ƙirar 2005, irin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka, mai injin lita 1.8, kuma ta Kwatano ta shigo ƙasar nan kamar dubban 'yan uwanta. Mai ita ma'aikacin gwamnati ne da ke aiki a cikin birnin Katsina, iyalinsa kuwa suna Daura, saboda haka kusan kowane ƙarshen mako yana kan wannan hanya mai tsawon kimanin kilomita 80. Ban da haka yana da gona ta wajen Zango, kuma idan kaka ta yi, a but ɗin motar yake ɗauko gero da wake ta hanyoyin da ba su taɓa ganin kwalta ba. Ƙorafin da ya kawo garejinmu gajere ne: "Malam, motar nan yawo take yi a kan titi. Sai na riƙe sitiyari da hannu biyu, in kuwa tirela ta gifta ni, ji nake za ta bar hanya."

Mitar motar tana nuna 299,999, kuma ya ce ta daɗe da tsayawa a nan. Wannan sanannen abu ne ga Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, domin mitarta ba ta iya wuce wannan adadi. Abin da shi bai lura da shi ba shi ne, da yake motar ta Amurka ce, da mil take ƙidaya, kuma kowane mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6. Ke nan motar ta riga ta ci fiye da kilomita 480,000 tun kafin mitar ta tsaya, sannan ga tafiyar da aka yi bayan nan wadda ba ta shiga lissafi ba. Injin irin wannan mota yana jure doguwar tafiya idan ana kula da baƙin mai, shi ya sa masu ita kan ɗauka cewa komai nata haka yake, alhali robobi da mahaɗan ƙarfen da ke riƙe da tayoyi suna da nasu wa'adin dabam, kuma zafin rana da ƙurar hunturu da ruwan damina suna gajarta shi ƙwarai.

Kafin motar ta zo hannunmu an riga an kashe mata kuɗi. An yi mata alaimen a wani wuri, ta yi dama-dama na 'yan kwanaki, yawon ya dawo, aka sake yi. Daga baya aka ce masa shokazoba ne, aka canza na gaba guda biyu da na Beljiyam, sannan ya sayi sababbin tayoyi biyu aka sa a gaba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa, amma an ɗauke su ba tare da an shiga ƙarƙashin motar an girgiza kowace mahaɗa da hannu ba. Alaimen awo ne da ake yi wa mota tana tsaye wuri ɗaya. Idan ƙarafan da ke riƙe da taya suna girgiɗi, to saitin da aka yi a kan na'ura yana lalacewa ne da zarar taya ta faɗa ramin farko, kuma ko sau goma za a maimaita shi, sakamakon ba zai canza ba.

Mun fara da tambayoyi tun kafin a taɓa sifana. Ya ce yawon yana tsananta daga gudun kilomita 80 a sa'a zuwa sama, wato 50 a manyan lambobin agogon gudunsa. Idan ya taka birki da ƙarfi motar tana karkata dama, idan ya saki ta dawo daidai. Yana jin ƙara ƙwas-ƙwas daga gaba a kan ƙananan gargada, amma ba ya jin ta sosai a manyan ramuka. Idan kuma akwai buhuna a baya, bayan motar yakan yi lilo bayan ya gama shan kwana. Amsoshin nan huɗu ba wuri ɗaya suke nunawa ba, kuma daga nan muka san cewa neman lalatacce guda ɗaya da za a ɗora wa dukan laifin ɓata lokaci ne.

Tayoyi muka fara dubawa, domin su ne mafi arhar bincike, kuma jikinsu yana ajiye tarihin abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota. Da aka sa geji, tayar gaba ta hagu tana da iska 44 a ma'aunin psi, ta dama 37, na baya kuwa 45 da 42, alhali takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ta ce 30 ne idan tayoyin sun huce. Masu faci da yawa sukan cika taya fiye da ƙima da kyakkyawar niyya, suna tunanin lodi da ramuka, amma tayar da ta yi tauri haka tana rage faɗin inda take taka ƙasa, tana sa mota tsalle a kan gargada, kuma duk dukan da ya kamata roba ta shanye sai ya wuce kai tsaye zuwa mahaɗan ƙafa. Bambancin 7 tsakanin tayoyin gaba biyu ma shi kaɗai ya isa ya ja mota gefe. Tayoyin baya kuma ba iri ɗaya ba ne, kuma a jikin ta hagu, lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT su ne 2316, wato an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016. Gefenta duk ya yi ƙananan tsagu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunnen direbobi a kan tsofaffin tayoyi irin wannan, kuma a kan kwalta mai zafi ta watan Afrilu gargaɗin ba na wasa ba ne.

Abin da ya fi ba mu haske shi ne shafa tayoyin da tafin hannu. A sabuwar tayar gaba ta dama, idan ka shafa zanenta daga ciki zuwa waje sai ka ji santsi, idan ka dawo da hannunka sai ka ji kaifi yana kama fata, kuma gefenta na ciki ya riga ya fara cinyewa duk da sabuntarta. Wannan alama ce ta tayar da ake jan ta a karkace tana gogar ƙasa. Lissafinsa mai sauƙi ne. Tsawon taya mai lamba 195/65R15 daga ƙasa zuwa sama kimanin milimita 635 ne. Idan bakin tayoyin gaba ya kauce daga saiti da milimita 3 kacal, to a kowace kilomita ɗaya ana gogar da su gefe kusan mita 5 a tsakaninsu, wanda ke nufin a tafiya ɗaya daga Katsina zuwa Daura an kankare su a ƙasa na tsawon mita ɗari uku da wani abu. Tayoyin baya kuwa wata irin cinyewa suka yi, tudu da kwari a zagaye, wadda ke faruwa idan taya tana tsalle-tsalle saboda shokazoba ya daina danne ta.

Bayan an daidaita iska zuwa 30 sai muka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, muka auna daga tsakiyar kowane rim zuwa leɓen bodi da ke samansa. Gaba ya zo daidai hagu da dama. A baya kuwa ɓangaren hagu ya fi na dama zama ƙasa da kusan santimita 2. Da aka danna kusurwar baya da ƙarfi aka saki, sai da ta yi sama da ƙasa har sau uku kafin ta tsaya, alhali lafiyayyen shokazoba yakan tsayar da ita bayan tashi ɗaya. Wannan gwaji na dannawa ba ya kama shokazoban da ya fara gajiya, wanda ya mutu murus kaɗai yake tonawa, don haka faɗuwa a cikinsa hujja ce mai ƙarfi. Na gaba, waɗanda aka canza, sun tsaya da kyau, kuma ba su da alamar zubar mai.

Gwajin hanya ya tabbatar da duk abin da mai motar ya faɗa, sai dai gyaran iska kaɗai ya ɗan rage tsallen. A miƙaƙƙiyar hanya, sitiyari yana da wani fili a tsakiya inda za ka motsa shi dama da hagu motar ba ta amsa ba, sannan ta amsa gaba ɗaya. Mota mai gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka jinkirin rabin daƙiƙa tsakanin hannun direba da taya tafiya ce ta mita 14 wadda motar ta yi da ra'ayin kanta. Da muka dawo muka taɓa rim ɗin gaba biyu, ɗuminsu ɗaya ne, kuma daga baya da aka kwance, kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki, tana zamewa lafiya a kowane ɓangare. Wannan ya cire birki daga zargin karkatar da motar ke yi zuwa dama.

Sai aka zo gwajin da nake ganin ya fi kowanne amfani, kuma shi ne aka fi tsallakewa a garejoji da yawa saboda yana buƙatar mutum biyu da haƙuri. An hau da motar kan rami, tayoyinta suna ƙasa ɗauke da nauyinta. Da farko an yi alama da alli a da'irar sitiyari aka auna iya motsin da yake yi kafin taya ta motsa: littafin gyara na kamfanin ya sa iyakar milimita 30, namu ya kai kusan 50. Daga nan yaron gareji ya zauna yana kaɗa sitiyarin dama da hagu a hankali ba tsayawa, ni kuma ina ƙasa da tocila ina ɗora hannu a kan mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, tun daga sandar da ta sauko daga sitiyari har zuwa taya. Sandar lafiyarta ƙalau, haka ma inda aka ɗaure rak ɗin sitiyari, wato ƙarfen da ke kwance yana tura tayoyin gaba dama da hagu, a jikin shasi. Amma da na matse robar kariya mai kama da zugazugi da ke ɓangaren dama har yatsuna suka kama tayarod na ciki, wato sandar da ke haɗa rak da taya, sai na ji wani ɗan bugu, tak, tak, duk lokacin da sitiyari ya canza hannu: rak yana tafiya, sandar tana jira, sannan ta bi. Ido ba ya ganin wannan, domin roba ta rufe wurin. A ɓangaren hagu, kan tayarod na waje robarsa ta yage, giris ya ƙare, jar ƙasa ta maye gurbinsa, kuma shi ma yana ɗan ɗagawa kafin ya tura taya.

Bayan haka aka ɗaga gaban motar da jak, aka tallafe ta da ƙarafan tsayawa, tayoyin suna reto. A irin ƙafar gaban Corolla, sifirin yana zaune ne a jikin shokazoba, don haka boljoyin na ƙasa, wato mahaɗa mai ƙwallon ƙarfe da gindin ƙafar ke juyawa a kanta, ba shi ke ɗauke da nauyin mota ba, kuma barin taya tana reto ya wadatar a gane girgiɗinsa. Da aka kama tayar hagu hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa aka girgiza, ta yi motsi har da ƙara. Motsi irin wannan yana iya zama na boris, wanda taya ke juyawa a kansa, ko na boljoyin, kuma hanyar bambance su ita ce a sa wani ya taka birki a sake girgizawa. Idan boris ne, birki yana kama komai ya haɗe, motsin ya ɓace. A nan an taka birki, motsin yana nan. Da aka zura liba tsakanin lowa-am, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa ƙafar da shasi, da gindin ƙafar aka ɗaga, sai aka ga ƙwallon yana hawa da sauka a cikin gidansa ƙuru-ƙuru. A ƙasan gidan kuma akwai tabon guduma a zagaye, shaidar cewa an taɓa matse shi don ya daina ƙara.

Ina so in tsaya a kan wannan ɗabi'a ta matse boljoyin da guduma, ko cusa masa guntun roba a rufe, domin ta yaɗu, kuma tana yaudarar mai mota da bakanike baki ɗaya. Abin da ya cinye a ciki shi ne mazaunin ƙwallon, wani lokaci har da wuyansa. Guduma tana lanƙwasa leɓen gidan ya matso, ƙara ta ɗauke na ɗan lokaci, amma ƙarfen da aka daka ya yi rauni, kuma shi ne kaɗai abin da ke hana ƙwallon ficewa. Duk mai bin hanyoyinmu ya sha ganin mota ta durƙusa a gefen titi, tayarta ɗaya ta gaba ta kwanta waje, shaf ya zare. Idan hakan ta faru a cikin gari ana tafiya a hankali, asara ce ta kuɗi. Idan ta faru tsakanin Mashi da Daura da iyali a ciki, maganar ta wuce ta kuɗi.

Dalilin karkata a birki ya fito ne daga lowa-am na dama. Wannan ƙarfe yana manne da shasi ta wuri biyu, kuma kowane wuri akwai bushin na roba. Na bayan, wanda ya fi girma, shi ke karɓar turin da taya ke yi baya idan an taka birki. Da aka haska shi sai aka ga ya jiƙe sharkaf da man sitiyari da ke ɗiga daga wani tiyo a samansa, robar ta kumbura ta yi laushi, kuma ta rabu da ƙarfen tsakiyarta kusan rabin zagaye. Mai yana cin irin wannan roba sannu a hankali. Don mai motar ya gani da idonsa, mun sauke motar ƙasa, direba ya ɗan motsa ta gaba ya taka birki farat ɗaya, shi kuma yana tsaye a gefe yana kallon tayar dama. Ya ga yadda ta ja baya a cikin gidanta, bakinta ya buɗe waje, sannan ta dawo. Taya ɗaya ke nan take juya kanta zuwa dama duk lokacin da aka taka birki, sitiyari kuwa yana miƙe a hannun direba. Wannan bushin ɗin, tare da tayarod na ciki, su ne suka cinye sabuwar tayar, kuma su ne suka hana alaimen zama.

Ƙarar ƙwas-ƙwas ɗin da ta fi damunsa kuwa daga linkej take, wato 'yan gajerun sandunan da ke haɗa shokazoba da sandar hana tangaɗi. Duka biyun sun yi sako-sako. Su ne mafi arha a cikin duk abin da muka samu, kuma su ne mafi ƙarancin haɗari.

Bayan motar ne ba wanda ya taɓa leƙawa a duk gyare-gyaren da aka yi mata, wataƙila saboda ƙorafin na sitiyari ne, hankali kuma sai ya tafi gaba. Tayoyin bayan wannan Corolla suna haɗe ne da aksil guda ɗaya mai ɗan murɗuwa, wanda manyan bushin biyu ke riƙe da shi a jikin shasi. An tsara robar waɗannan bushin ne ta yadda idan mota ta shiga kwana, aksil ɗin ba zai juya ya tura bayan motar waje ba. A wannan mota duka biyun sun tsattsage, na hagu har liba tana tura aksil ɗin gefe ba tare da wani ƙarfi ba. Shokazoban baya duka biyu sun zubar da mansu, ƙura ta manne a jikinsu ta yi baƙi, sifirin na hagu kuma ya zauna. Dalilin bai ɓoyu ba. Nauyin da takardar ƙofa ta yarda motar ta ɗauka, mutane da kaya a haɗe, bai kai kilo 400 ba, alhali manya biyar da buhun gero biyu sun haura kilo 500. Idan tirela ta gifta, iskarta tana tura bodi gefe, aksil ya goce a kan yagaggen bushin, bayan motar ya karkata, shokazoba kuma ba shi da ƙarfin tsayar da lilon, sai direba ya gyara da sitiyarin da shi ma yake da fili a tsakiya, gyaran ya zo a makare kuma ya wuce kima. Halin motar ya zama kamar na tsohuwar kujerar katako wadda kowace ƙusa tata ta ɗan saki: babu wadda ta fita, amma da ka zauna sai ka ji ta tana tafiya da kai.

Da aka jera masa abubuwan da aka samu, kuɗin gyaran gaba ɗaya ya fi ƙarfin abin da ke hannunsa a lokacin, kuma wannan shi ne halin mafi yawan masu irin waɗannan motoci. Ya dubi maigidan garejin, dattijon da ya koya wa yawancinmu aiki, ya ce: "Alhaji, ba za a canza linkej ɗin nan a ɗan matse boljoyin ba, in lallaɓa zuwa ƙarshen wata?" Dattijon ya ce: "Malam, linkej ko shekara za ka yi da shi, kunnenka kawai zai dama. Boljoyin ɗin nan kuwa ba zan sa masa guduma ba, kuma ba na son ka kai shi ko Ƙofar Ƙaura, balle Daura." A ganina wannan ita ce shawarar da ta dace, domin idan kuɗi bai isa a yi komai ba, ana jera aiki ne bisa ga abin da zai faru in abin ya ƙarasa lalacewa a kan hanya. Abin da zai iya rabuwa ya raba taya da mota ko da sitiyari shi ne farko, sai abin da ke canza alƙiblar taya, sai abin da ke hana lilo, sannan abin da ke ƙara kawai.

A zagayen farko an canza boljoyin duka biyu, domin na daman ma robarsa ta fashe kuma tafiyarsu ɗaya, an canza tayarod na ciki na dama da kawunan waje guda biyu, an sa sababbin bushin a lowa-am hagu da dama, an canza tiyon da ke ɗigar mai, sannan an cire tsohuwar tayar 2016 aka sa wata. Linkej ma ya shiga, da yake kuɗinsa kaɗan ne kuma an riga an kwance wurin. A kan mahaɗan sitiyari da boljoyin mun nace a sayi sababbi masu kyau, aka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka kawo, domin na Beljiyam sun riga sun yi tasu tafiyar a wata ƙasa kuma ba mai iya ganin cikinsu. An kawo shawarar a yanka bushin daga tsohuwar tayar tirela, kamar yadda ake yi a wurare da dama, muka ƙi. Irin wannan yankakken bushin yana iya fitar da mutum kunya a wurin rataye salansa, amma bushin na lowa-am roba ce da aka narka ta kama ƙarfe ciki da waje, aka bar mata ramuka a wasu ɓangarori don ta yi laushi ta wata fuska ta yi tauri ta wata, kuma wuƙa ba ta iya fitar da wannan.

Akwai ƙananan abubuwa a wajen ɗaurawa da ke yanke hukuncin ko aikin zai daɗe. An yi wa tsohon bushin alama kafin a fitar da shi don sabon ya shiga ramukansa suna fuskantar inda ya kamata. Ƙusar bushin na gaba, wadda ke kwance, ba a ƙarasa ɗaure ta ba sai da aka sauke motar ta zauna a kan tayoyinta, domin idan aka ɗaure ta taya tana reto, robar za ta zauna a murɗe tun ranar farko, ta yage cikin 'yan watanni, a ce kayan ne ba su da kyau. An sa sabon fil mai baki biyu a notin boljoyin da na tayarod maimakon lanƙwasasshiyar ƙusar kafinta da muka tarar a ɗaya daga cikinsu. An ɗaure notocin taya da sifana mai awo zuwa 103 a ma'aunin Nm, ba da tsalle a kan doguwar sanda ba. Sai bayan duk wannan aka kai ta alaimen, aka saita bakin tayoyin gaba kusa da sifili, sitiyari yana tsakiya.

Sakamakon zagayen farko ya fito fili. Filin sitiyari ya sauko ƙasa da milimita 20, karkata a birki ta ɓace, ƙara ta ɗauke. Amma lilon baya yana nan, har ma mai motar ya ce yanzu ya fi jin sa, wanda ba abin mamaki ba ne tunda gaban ya daina ɓoye shi. An shawarce shi kada ya ɗora buhu ko ɗaya kuma kada ya wuce gudun kilomita 80 a sa'a har sai an gama, kuma ya kiyaye.

Da albashi ya shigo aka yi zagaye na biyu. An sauke aksil ɗin baya, aka fitar da bushin biyun da injin matsa, aka sa sababbi bisa alamar da aka yi, aka canza shokazoba biyu da sifirin biyu tare, domin sabon sifirin a gefe ɗaya da gajiyayye a ɗaya gefen zai bar motar a karkace. Nan ma ba a ƙarasa ɗaure manyan ƙusoshin ba sai da motar ta zauna ƙasa. Tsawon bayan ya dawo daidai hagu da dama, kuma a gwajin hanya, ko da manyan motoci suna giftawa, motar tana ɗan jin iskar ta tsaya nan take, ana iya riƙe ta da hannu ɗaya ba fargaba. Da yake babbar mitar ba ta aiki, an nuna masa yadda zai riƙa amfani da ƙaramar mitar tafiya, wadda har yanzu tana ƙidaya, don ya san lokacin juya tayoyi a duk mil 5,000, wato kimanin kilomita 8,000.

Abu biyu suka rage ba a warware ba. Na farko, da aka sake hawa na'urar alaimen bayan aikin baya, ta nuna tayar baya ta hagu ta ɗan kauce daga iyakar da aka yarda da ita, kuma a wannan mota ƙafar baya ba ta da wurin saiti, ma'ana aksil ɗin kansa ya ɗan lanƙwashe, mai yiwuwa daga faɗawa rami da lodi. Ba mu yarda a gasa shi da wuta a miƙe ba, domin zafi yana canza ƙarfin ƙarfen da aka yi shi don ya riƙa murɗuwa yana dawowa. Kaucewar kaɗan ce, illarta a yanzu ita ce tayar wannan gefe za ta riga sauran cinyewa, kuma an shirya neman wani aksil wanda za a auna shi a ƙasa kafin a biya kuɗinsa. Na biyu, a cikin robar kariya ta rak, ɓangaren dama, an ga danshin man sitiyari lokacin da ake canza tayarod, alamar cewa sil ɗin rak, wato robar da ke tare mai, ya fara gajiya. Bai kai ga ɗiga ba tukuna, don haka an yi alama a robar da ake zuba man sitiyari daidai inda man ya tsaya, kuma zai riƙa dubawa kowace Juma'a kafin ya kama hanya. Idan ya ga man ya sauka ƙasa da alamar, rak ɗin zai fito a gyara shi kafin man ya sake kaiwa ga sabon bushin da ke ƙasansa.